Yadda Malam Issaka Ya Kama Jan Azahar

Duk wanda ya yi aiki a ofishinmu na saman bene ya san Malam Issaka ba ya gaida mutum da safe sai ya fara gaida Tsohuwa. Zai shigo da baƙar ledarsa a hammata, ya wuce Madam Akosua mai kamfanin, ya wuce ni da na girme shi da shekara biyu, ya nufi lungun da babbar kwamfutarmu take. Masu boko suna ce mata saba. Shi ya raɗa mata Tsohuwa, saboda sai da ta gama ƙuruciyarta a hannun wasu muka saye ta. Sai ya ɗora tafin hannu a bayanta.

"Salamu alaikum. An kwana lafiya?"

Ya karkata kai yana jiran amsa. Wata safiya na gaji na ce, "Issaka, ta amsa kuwa?"

"Ta amsa, Alhaji. Ta ce fankarta ta hagu na ciwo."

Muka yi ta dariya. Bayan kwana uku fankar hagu ta mutu. Ashe duk gaisuwar nan zafin jikinta yake ji da hannu, yana sauraren ƙararta da kunne. Daga ranar Madam ba ta zama sai ta tambaya, "Wofa Issaka, me Tsohuwa ta ce yau?" Wofa da yarensu kawu ke nan.

Kun ce ni Seidu in rubuta abin da za a karanta ranar addu'ar arba'in, tunda na fi kowa daɗewa da shi. Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na midil na tsaya, sai ku yi haƙuri da rubutun. Kuma ku gyara zama, don akwai abin da na riƙe shekara shida ban faɗa ba, yau nake son in sauke shi.

Ni da Issaka a unguwar Sofoline muka fara, a kiyos ɗaya, wato ɗan shago, bakin titin Sunyani. Rediyo muke gyarawa, daga baya waya. Yadda ya shiga harkar kwamfuta kuwa, gyaɗa ce sila. Ya sayi gyaɗa wajen wata mata, ta ƙunsa masa a takarda, ya cinye, ya tsaya karanta takardar don ba ya yar da abin da bai karanta ba. Shafi ne na littafin koyon rubuta manhaja. Ya koma wajenta da gudu.

"Mma, ina sauran littafin nan?"

"Ina ƙunshi da shi mana."

Ya kwaso mata tarin tsofaffin jaridu ta ba shi abin da ya rage. Shafi arba'in na farko sun riga sun bi masu cin gyaɗa. Daga tsakiya ya fara karatu, ni kuma daga bakinsa na koya. Har ya rasu yana cewa, "Ni ban san yadda ake fara abu ba, an cinye wajen. Gyara kawai na iya."

Tsimi kuwa, kun sani. Ganyen shayi ɗaya yana kai shi kwana uku, ya shanya shi a bakin taga da maƙalin shanya. Rana ta uku ruwan ba shi da launi, na ce masa wannan ai ruwan zafi ne kawai. Ya ce, "Ruwan zafi ne da ya san shayi." Bai taɓa sayen littafin rubutu ba. Tsofaffin littattafan makarantar jikokinsa yake tarawa, ya juya su ta baya. Gaba lissafin aji uku da jan biron malama, baya kuma sirrin kamfaninmu. Su ne a cikin baƙar ledar nan.

Saboda iyalinsa da ke zaune a nan, bari in faɗi aikinmu a taƙaice. Muna yi wa masu manyan motoci manhajar da ke nuna wane kaya ke cikin wace mota, albasa ce ko goro, kuma ina ta kai a hanya. Mu huɗu ne masu rubutu: ni, Issaka, Rashida da Muniru. Kowa ya gama yankinsa sai ya tura wa Tsohuwa. Ita ta haɗa da na sauran, ta gina manhajar daga tushe, ta gwada ta. Wannan muke kira gini. In lafiya, allo ya nuna kore. In da matsala, ja. Jerin umarnin da take bi wajen ginin, shi ne sikirif. In ba kore, ba a miƙa wa masu motoci komai.

A allon akwai wani maɓalli na sake gwadawa. Issaka ya tsane shi kamar ya kashe masa uba. In ja ta fito ka kai hannu wajen, daga bayanka za ka ji, "Me ka gyara?"

Rashida, ke kin tuna ranar da kika ce, "Baba, ai na sake ta yi kore."

Ya ce, "'Yata, kin tambaye ta, ta ce miki ba lafiya. Kika sake tambaya, ta ga kin matsa, ta ce lafiya. Ke a gidanku haka ake duba maras lafiya?"

Kowace ja sai ya rubuta ta a bayan littafin jikansa: rana, lokaci, wa ya tura, wa ke ofis, an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba, har da ko an yi ruwa. Muniru ya ce saura ya rubuta abin da muka ci da safe. Washegari ya ƙara layi: koko, waakye, koko.

To ga babban labarin.

A da ɗaya bayan ɗaya Tsohuwa ke gini, kowanne minti arba'in. In mu huɗu muka tura, na ƙarshe sai ya jira kusan awa uku. Issaka ya zauna ya gyara sikirif yadda za ta riƙa gina huɗu a lokaci guda. Ranar farko duka huɗun suka fito tare cikin minti arba'in. Madam ta yi rawa a tsakar ofis.

Ba a yi mako ba ja ta fara. Ja mai wayo kuwa. Ba kullum ba, ba a wuri ɗaya ba. Yau ta ce fayil kaza ya ɓata, gobe ta ce wani ne daban. Ka duba fayil ɗin, yana nan. Ka sake gwadawa a ɓoye, kore. Issaka ya zauna shi kaɗai ya tura sau ashirin a jere, kore sau ashirin. Muniru ya fara cewa a kira malami ya yi wa lungun tofi.

Wa ya fi kowa ɗaga murya? Ni. "Da muna ɗaya-ɗaya lafiya lau muke. Mutumin da ya fara karatu daga shafi na arba'in da ɗaya shi zai sa inji aiki huɗu?" Na faɗa a ofis, na faɗa a trotro, motar hayarmu, na faɗa a majalisar bayan Magariba. Gaskiyar magana, sikirif ɗin asali ni na rubuta shi tun kamfani yana ɗaki ɗaya, shi ne abin alfaharina, kuma na ji zafin an taɓa mini shi, an kuma yi rawa.

Mako biyar ana haka. Kowa ya daina yarda da ja, ana danna sake gwadawa har sai kore ta fito. Sai wata ja ta gaskiya ta bi ta cikinsu ta wuce, manhaja ta nuna wa wani Alhaji cewa albasarsa tana nan unguwar Kwadaso alhali tana hanyar Tamale. Ya zo da kansa, ba sai na maimaita abin da ya faɗa ba.

Ranar Litinin Madam ta tara mu. Kun san ta, a bakin Zongo, unguwar Hausawa, ta girma, Hausa a bakinta kamar ruwa, kuma ba ta son ɓata wa dattijo rai. Idonta a ƙasa ta yi magana.

"Wofa Issaka, ina ganin girmanka paa, ƙwarai da gaske. Amma zuwa Juma'a in jan nan ba ta tsaya ba, zan kawo wani daga Accra ya karɓi Tsohuwa. Kai kuma ka huta."

Ya ce, "To, Madam." Ya ɗauko ganyen shayinsa daga taga.

Mutum mai shekara sittin da ɗoriya, ba takardar makaranta ko ɗaya, in aka ce ya huta ai kun san ma'anar. Ba wanda zai sake ɗaukarsa. Matarsa Mma Fati na gida da jikoki huɗu.

Ranar Talata bayan La'asar ya jawo kujera kusa da ni, ya buɗe littafinsa.

"Alhaji, idona ya gaji. Duba mini layin lokaci."

Na duba. Ɗaya saura, ɗaya da 'yan mintuna, uku da rabi, ɗaya saura. Ba ja ko ɗaya da safe.

"Duba na ƙarshen ma."

A saman layin ƙarshe ya rubuta: Alhaji yana nan? Duk ranar ja, eh. Kwana ukun da na tafi zaman makoki Atonsu, babu ja ko ɗaya.

Na ce, "Me kake nufi? Ni ne aljanin?"

"Ban ce komai ba. Idona ne ya gaji." Ya rufe littafi ya koma wajensa.

Kun san dokata. Tun zamanin dumsor, lokacin da wuta ke ɗaukewa ta tafi da aikin yini, na kafa ta: da an kira salla nakan tafa hannu in ce, "Kowa ya tura aikinsa kafin ya ɗauki buta." Har aka samu janareta ban daina ba, ina jin daɗin tafawar. Wato ni ne ke sa mu huɗu mu tura cikin minti ɗaya, sau biyu a yini. In mun dawo daga masallaci kuma ɗaya-ɗaya muke shigowa, kowa ya danna nasa, sai kore.

Da kowa ya tashi daga aiki na buɗe tsohon sikirif ɗina. A layi na tara na gan shi. Kowane gini yana zuba kayansa a folda ɗaya, wato ma'ajiyar fayil, kuma kafin ya fara sai ya share duk abin da ke ciki. Sunan foldar: seidu. Ni na sa mata sunana da hannuna, don alfahari. Lokacin ɗaya-ɗaya babu laifi. Yanzu huɗu na shiga tare, kowanne na share kayan ɗan'uwansa yana tsakiyar aiki.

Abin da ya kamata in yi, ko yaro ya sani. Na rufe kwamfuta na tafi gida. Ranar Laraba ban ce komai ba. Na ma yi abin da ya fi shiru muni: na je wajen Madam na ce mata shawarata a koma ɗaya-ɗaya kawai. In an koma, ja za ta ɓace, layi na tara ya kwanta lafiya, a ce Issaka ne bai iya ba. Na sani sarai lokacin da nake faɗa. A Azahar ɗin ranar ban tafa hannu ba, na ce maƙogwarona na ciwo. Issaka ya kalle ni ya ce, "Da hannu ake tafawa, Alhaji."

Ranar Alhamis da hantsi ya shigo da bahon wanki na roba a ka, har mutanen ƙasan bene na tambayarsa ko Madam ta mayar da shi mai wanki. Ya gaida Tsohuwa, ya ajiye baho a baranda, ya kira mu duka. Ya cika shi da ruwa, ya ba Rashida hankici, ya ba Muniru, ya ba ni. Ya manna takarda a jikin bahon.

"Wannan ita ce dokar baho. Kowa ya karanta ya bi. Ruwan kuma a gindin furen Madam za a zuba, kada a yi asara."

Rashida ta fara wanki. Muniru ya sa hannu. Sai ya juyo gare ni.

"Alhaji, kai ne na uku. Karanta da ƙarfi, kai ka fi mu murya."

Na karanta: "Kafin ka fara, zubar da duk abin da ke ciki."

"To bismilla."

Jama'a, ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin bahon nan ba. Na kifar da shi a gindin fure, hankicin Rashida da na Muniru suka bi ruwa suka faɗa cikin ƙasa. Rashida ta ce, "Haba Baba Alhaji, ina cikin wanki." Issaka ya ce, "Kin ji abin da gini na ɗaya ke faɗa kullum. Shi ne ja."

Sannan ya buɗe littafin jikansa ya karanta lokutan. Yana kaiwa na biyar Madam ta dafe baki.

"Ei. Wofa, na gani tun tuni."

"Kin ga me?"

"Ni kaɗai ke zama in kun tafi salla. Kuna sauka bene, sai in ga allo yana juyawa ja, ɗaya bayan ɗaya. Kullum."

Muniru ya ce, "Madam, mako biyar? Me ya hana ki faɗa?"

"In ce muku me? In ce duk lokacin da kuka tafi salla aiki na lalacewa? Ni Akosua, a Zongo? Uwata ba ta yi mini irin wannan tarbiyya ba."

Dariya ta kusa kayar da Issaka cikin baho. Ya ce kunyar Madam ta ci wa kamfani mako biyar, amma shi ya yafe, don kunya ce mai kyau.

Da dariya ta lafa Madam ta nuna takardar. "Wa ya rubuta wannan dokar a sikirif?"

Issaka bai ko kalli inda nake ba.

"Wanda ya rubuta ta, lokacin baho ɗaya ne, mai wanki ɗaya. A ranar dokar daidai ce."

"Sunansa nake tambaya."

"Madam, kin ce a gyara zuwa Juma'a. Ba ki ce a kamo mutum ba. In kina son wannan ma, aiki biyu ke nan, ni kuma tsoho ne."

Gyaran layi uku ne. Kowane gini ya samu foldarsa da lambarsa, ya share tasa kaɗai in ya gama. Foldar seidu ta ɓace, ba wanda ya ga sunan a allo. Muniru ya ce a gwada yanzu. Issaka ya ƙi.

"Sai an kira Azahar. Jan Azahar ce, a Azahar za a kama ta. Alhaji, yau ka tafa mana da kyau."

Ladan na farawa na tafa. Mu huɗu muka tura tare. Rashida ta tsaya tana leƙen allo, ya kore ta. "Ɗauki buta, 'yata. Madam ce mai gadi." Muka sauka. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban san surar da na karanta a sallar nan ba. Issaka kuwa ya idar ya zauna lazimi, ya ja carbi kamar ba aikinsa ne a kan allo ba. Har ya tsaya gaida wani mai goro yana tambayar lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya.

Mun shawo kwanar layi sai muka hango Madam a baranda, ta tsinko ganyen furenta guda huɗu tana kaɗawa sama, tana ihu har masu trotro na waigowa. "Kore! Huɗu duka kore!"

Muniru ya haye bene da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Issaka ya hau a hankali, ya wuce mu duka, ya je lungu ya ɗora hannu a bayan Tsohuwa. "Sannu da haƙuri. An yi miki ƙazafi." La'asar ma kore. Juma'a kore. Mutumin Accra bai taɓa ganin benenmu ba. Madam ta sayo masa kwalin shayi mai ganye ɗari, Mma Fati ta shaida, shekara guda bai ƙare ba.

Ranar bahon da yamma muna jiran trotro na ce, "Issaka."

Ya ce, "Motarka ce wannan, Alhaji, za ta cika."

Shekara shida, duk lokacin da na ɗauko maganar sai ya sami motar da za ta cika. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ina jin daɗin cikar motar. Wataƙila ku matasa kun duba tarihin sikirif kun ga sunana kuka yi shiru. In haka ne, a wajensa kuka koya.

Bayan addu'ar bakwai Mma Fati ta miƙo mini baƙar ledar, ta ce ya ce a ba ni. Na nemo littafin shekarar. A shafin Litinin ɗin da Madam ta ba shi wa'adi, a bayan lissafin aji uku, ya rubuta: Layi na tara, foldar Alhaji. Gyara layi uku. A ƙasa kuma: A ba shi zuwa Alhamis, ya faɗa da kansa.

Tun Litinin ya sani. Da gyaran a hammatarsa ya yi kwana uku aikinsa na lilo, yana jin ina zuga Madam, don kawai in sami damar zama mutum.

To Issaka, na makara, amma ga shi a gaban kowa. Madam, sunan da kika tambaya ranar baho, Seidu ne. Ni na rubuta layin, ni na tafa hannun, ni na gani na yi shiru, ni na so a ɗora masa. Mma Fati, ki yafe mini, abincin gidanki na yi wasa da shi.

Tsohuwa na nan tana gina huɗu-huɗu. Tun ranar da aka kai shi ni ke gaishe ta da safe, har yanzu ban iya jin amsar ba.

Ya Allah, bawanka Issaka ya rufa mini asiri a ranar da ban cancanta ba. Ka rufa masa nasa a ranar da za a buɗe littafin kowa. Ka haskaka kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa, ka riƙa wa Mma Fati da jikoki. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka haɗa mu da shi inda ba motar da za ta cika, in zauna in faɗa masa da bakina. Amin.